Kuɗin ajiyar haya amana ne: 'yan haya, ku tashi ku karɓi haƙƙinku

Jama'a, wannan kira ne ga duk wanda ya taɓa kama haya, da wanda ke cikin gidan haya yanzu, da wanda ke shirin shiga, daga Kano zuwa Kaduna, daga Zariya zuwa Abuja, har da 'yan uwanmu mazauna Agege da Idi-Araba a Legas. Akwai wani kuɗi da muke ƙirgawa mu miƙa ranar karɓar makulli, bisa alkawarin za a mayar mana ranar tashi, amma da yawanmu daga ranar ba mu ƙara ganinsa ba. Kuɗin ajiya ke nan, wanda wasu ke kira kuɗin gyara ko kuɗin ɓarna. An daɗe ana cinye shi, mu kuma mun daɗe muna yin shiru, har abin ya koma kamar al'ada. Lokaci ya yi da za mu buɗe baki.

Duk wanda ya nemi gida a manyan garuruwanmu ya san jerin kuɗin da ke jiran sa. Zai biya hayar shekara guda cur, wani wurin ma shekara biyu. Zai biya la'adar dillali, wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce ta kuɗin hayar. Zai biya kuɗin rubuta yarjejeniya. Sannan a ɗora masa kuɗin ajiya. Uku na farko sun tafi ke nan, domin ladan wani abu ne da aka ba shi ko aka yi masa. Na huɗun kuwa ba farashin komai ba ne. Dukiyar ɗan haya ce aka ajiye a hannun mai gida, don idan ya fasa taga, ko ya karya ƙofa, ko ya tashi ya bar bashin wuta, a cire daidai abin da ya ɓata a miƙo masa sauran. Idan bai ɓata komai ba, kuɗinsa na nan cif, ko sisi bai kamata ya yi ciwon kai ba. Wanda maƙwabci ya ba ajiyar buhun gero a rumbunsa ba shi da ikon ɗiba ya tuƙa tuwo, komai daɗewar buhun a wurinsa.

To amma ku dubi yadda ake yi ranar tashi. An gama loda kaya a akori-kura, direba na ta danna oda, yara sun gaji, uwargida ta share ɗakuna ta wanke banɗaki. Mai haya ya kai makulli wurin mai kula da gida, ya tambayi kuɗinsa. Sai a ce Alhaji ya yi tafiya, a dawo mako mai zuwa. Mako ya zagayo, sai a ce ai sai sabon ɗan haya ya shigo ya biya tukuna. Sabon ɗan haya ya shiga, ya biya nasa kuɗin ajiyar, sai magana ta sauya: ai fenti ya dushe, famfon tsakar gida na ɗiga, silin ɗin falo ya yi tabo, duk an gyara, kuɗin ma bai isa ba. Babu rasit na fenti, babu sunan mai gyaran famfo, babu lissafi a rubuce. Daga nan kuma sai a daina ɗaukar waya. Dillali ya ce shi la'ada kawai ya karɓa, mai kula da gida ya ce shi ɗan aike ne, mai gida ya ce kuɗin bai taɓa shiga hannunsa ba.

Ba kowa ake yi wa haka ba. An fi yi wa wanda aka san ba zai iya dawowa ba: ɗalibin da ya kammala karatu a Samaru zai koma garinsu, ɗan hidimar ƙasa da wa'adinsa ya cika, ma'aikacin da aka sauya wa wurin aiki zuwa wata jiha, matar da mijinta ya rasu za ta koma gidan iyaye da marayu. An san kuɗin motar zuwa da komowa zai cinye rabin abin da suke bi, an san za su gaji. Ita wannan gajiyar ake jira. Zaluncin da aka gina a kan raunin mutum ya fi kowane muni, kuma shi ne ya kamata ya fi tayar mana da hankali.

Kada kowa ya ce ai kuɗin bai taka kara ya karya ba. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun watan Yulin 2024 naira dubu 70 ne. Idan an riƙe wa mutum naira dubu 100, an riƙe masa fiye da gumin wata guda na ƙaramin ma'aikaci, a daidai lokacin da ya fi bukatarsa, domin gidan da zai koma ma sabuwar haya yake jira, da sabuwar la'ada, da sabon kuɗin ajiya. Ga kuma tsadar rayuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin komai ya tashi, a shekarar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Ke nan ko da an mayar wa mutum kuɗinsa ba tare da an cire kwabo ba, ya riga ya yi asara, don abin da kuɗin zai saya ranar da ya ba da shi ba zai saya ba yau. Balle a ja masa rai wata da watanni, balle a hana shi gaba ɗaya.

Me ya sa muke yin shiru? Kunya ce ta farko. Muna ganin bai dace a tsaya ana jayayya da dattijo a kan kuɗi ba, musamman wanda aka zauna a gidansa shekaru ana gaisawa, ana haɗuwa a masallaci. Ta biyu tsoron kotu, don an sa mana a rai cewa shari'a sai mai kuɗi da lauya. Ta uku ita ce kalmar da ke saurin fita daga bakinmu: na bar shi da Allah. Yafiya abu ne mai kyau idan mutum ya yi ta da zuciya ɗaya, kuma yana da ikon karɓar haƙƙinsa ya zaɓi bari. Amma wanda ya haƙura don an gajiyar da shi, ƙwace aka yi masa. Kuma duk ɗan hayar da ya juya ya tafi shiru, ya koya wa mai gidan cewa gobe ma zai iya, ya bar wa wanda zai shiga ɗakin bayansa gadon wannan cuta. Neman haƙƙi cikin ladabi ba rashin kunya ba ne.

Addini da doka duka suna tare da mai haya a wannan magana. Malaman fiƙihu sun yi bayani a babin haya cewa abin da aka ba mutum haya amana ne a hannunsa, ba ya lamunin lalacewarsa sai idan ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Dokokin haya na zamani ma haka suka tafi: tsufan da gida ke yi saboda zama na yau da kullum ba ya kan ɗan haya. Fentin da ya dushe bayan shekara uku, da rufin da ya fara yoyo saboda damina, da ƙofar da rana ta busar, da bututun da ya tsufa a cikin bango, duk gyaran mai gida ne, kuma don irinsu yake karɓar haya. Abin da ke kan ɗan haya shi ne abin da hannunsa ko na iyalinsa ya ɓata: gilashin da yaro ya fasa, bangon da aka huda aka bari a buɗe, masai da aka toshe da tarkace, wayar wuta da aka ƙona, bashin wuta da na ruwa da na shara.

A Jihar Legas, dokar haya ta 2011 ta fito fili. Ta wajabta wa mai gida ba da rasit na kuɗin haya, wanda ya ƙi kuma tara na jiransa. Ta ce idan an karɓi kuɗin ajiya don ɓarna da gyara, sai an ba da rasit nasa daban, kuma ɗan haya na da haƙƙin a ba shi lissafi a rubuce na yadda aka kashe kuɗin. Ko a jihar da ba ta da irin wannan tanadi, yarjejeniya yarjejeniya ce. Wanda ya karɓi kuɗi bisa sharaɗin zai mayar, ya ƙi mayarwa ba tare da hujja ba, bashi ne a kansa, kuma kotu na da ikon tilasta masa biya.

Wasu ƙasashen sun sha fama da irin wannan, suka toshe ƙofar. A Ingila, tun watan Afrilun 2007 doka ta tilasta wa masu gidaje su sanya kuɗin ajiya ƙarƙashin kariyar wani tsari da gwamnati ta amince da shi. A yanzu kwana 30 ake ba mai gida ya yi hakan, wanda ya saɓa kuma kotu na iya sa shi ya biya ɗan haya har ninki uku na kuɗin. Daga 2019 aka ƙayyade cewa a yawancin gidaje kuɗin ba zai wuce hayar mako 5 ba. A Faransa, ana zagaya gida a rubuta halin da yake ciki ranar shiga da ranar fita, mai gida kuma na da wata ɗaya ya mayar da kuɗi idan komai lafiya, wata biyu idan akwai abin cirewa. In ya makara, duk wata ana ƙara masa kashi 10 cikin 100 na hayar wata. Ba a ce masu gidajen can sun fi namu tsoron Allah ba. Rubutu da wa'adi da hukunci ne suka daidaita su, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da ya fi ƙarfinmu.

Don haka, ya ku 'yan haya, aikin daga ranar shiga yake farawa. Kada ku miƙa kuɗin ajiya hannu da hannu a tsaye a ƙofar gida. Ku tura ta banki zuwa asusun mai gida ko wakilinsa da ya amince da shi a rubuce, ku rubuta a wurin bayani cewa kuɗin ajiya ne na gida kaza, ku adana shaidar. Ku nemi rasit nasa daban da na haya, mai ɗauke da kwanan wata da adadi da sa hannu. Ku karanta yarjejeniya kafin ku sa hannu, wanda bai iya karatu ba ya nemi amintacce ya karanta masa. Ku tabbata an rubuta abu uku: nawa ne kuɗin, me da me za a iya cirewa a ciki, kuma cikin kwana nawa za a mayar bayan an miƙa makulli. Idan an ce ai ba sai an rubuta ba, mu da ku akwai amana, ku amsa da cewa rubutu ne ke tsare amana, domin mutum na mantuwa, kuma rai ba a hannunmu yake ba. Idan mai gida ya rasu, magadansa takarda za su tambaya.

Kafin ku shigar da ko tabarma, ku ɗauki waya ku zagaya gidan tare da mai gida ko wakilinsa. Ku ɗauki hoto da bidiyo na kowane ɗaki. Ku matsa kusa da tsagin da ke gefen taga, da tayil ɗin da ya fashe a bakin banɗaki, da soket ɗin da ya yi baƙi, da hannun ƙofar da ke rawa. Ku buɗe kowane famfo, ku kunna kowane ƙwan lantarki, ku ɗauki lambar da mita ke nunawa. Sannan ku tura hotunan ga mai gida ta WhatsApp a ranar, don kwanan wata ya zauna a wayarku da tasa. Aikin rabin awa ne, amma shi zai tsaya muku shaida bayan shekaru, ranar da za a ce ku kuka fasa tayil ɗin. Duk gyaran da kuka yi da kuɗinku a tsawon zama, ku sanar kafin ku yi, ku ajiye rasit.

Idan tashi ya zo, ku ba da sanarwa a rubuce a kan lokacin da yarjejeniya ta tanada. Ku biya bashin wuta da na ruwa, ku toshe ramukan ƙusa, ku gyara abin da kuka san ku kuka ɓata, ku share gida tsaf. Wanda zai nemi haƙƙinsa sai ya fara sauke na wani. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai 'yan hayar da ke barin gida kamar kango, su gudu da dare da bashi a kansu, kuma irinsu ne hujjar da masu cin kuɗin mutane ke fakewa da ita. Kada ku ba su wannan hujjar. Ku sa rana a zagaya gidan tare, da shaidu biyu, a gwada da hotunan ranar shiga, a rubuta abin da aka gani, kowa ya sa hannu. Kada ku jefa makulli a hannun mai gadi ku wuce. Ku miƙa shi ga wanda ke da alhakin karɓa, ya rubuta cewa ya karɓa a rana kaza.

In an ce za a cire wani abu, ku nemi lissafi dalla-dalla: me aka gyara, wa ya gyara, nawa aka biya, ina rasit. In wa'adi ya wuce ba a biya ba, ku daina yawon zuwa ƙofar gida ana mayar da ku mabarata a kan dukiyarku. Ku rubuta takardar neman biya, gajeriya, babu zagi babu barazana: na ba da naira kaza a rana kaza, na miƙa makulli a rana kaza, ina neman a mayar mini cikin kwana 14, ga lambar asusuna. Ku riƙe kwafi. Daga nan sai sulhu. Ku je wurin mai unguwa, ko limamin masallacin da mai gidan ke salla, ko shugabannin ƙungiyar dillalai. A Kano akwai Hukumar Hisbah da ke zaman sasanta jama'a, a Legas akwai cibiyar sasanci ta gwamnatin jiha da ke sauraron rikicin masu gida da 'yan haya kyauta. Sau da yawa magana kan mutu a nan, domin wanda ya iya kashe waya ba zai iya haɗa ido da dattawan unguwarsa ya musa rasit mai ɗauke da sa hannunsa ba.

Idan sulhu ya ƙi, kotu na nan, kuma ba dodo ba ce. An buɗe kotunan ƙananan ƙararrakin bashi a Legas a 2018, a Kano a 2019, wasu jihohi da Abuja suka biyo baya. An kafa su ne don irin wannan: bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba a tsarin da aka fara da shi, fom mai sauƙin cikawa, mutum na iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba, kuma an tsara a kammala shari'a cikin kwana 60. Takardar neman biyan nan ita ce matakin farko da ake bukata. Kotunan shari'ar Musulunci ma na sauraron ƙarar bashi. Abin da ba a so shi ne a kai maganar caji ofis, ko a ɗauko matasa a je a yi hayaniya. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba. Wannan ya hana ku amfani da 'yan sanda wurin karɓar bashi, ya kuma hana mai gida tsorata ku da su don kun nemi kuɗinku.

Ku kuma iyayenmu da yayyenmu masu gidaje, mun san gini ba wasa ba ne. Mun san kuɗin siminti da na rodi, mun san wasunku da kuɗin sallama suka gina, hayar nan ce abincin iyalinsu. Akwai da yawa a cikinku da ke kiran ɗan haya da kansu su miƙa masa kuɗinsa, Allah ya saka musu da alheri. Ga sauran muna cewa: ku ware kuɗin ajiya daga kuɗin cefane tun ranar da ya shigo. Kada ku kashe shi kuna jiran na sabon ɗan haya ku cike gurbi. Ku cire abin da aka ɓata da adalci, ku nuna lissafi, ku mayar da saura a kan lokaci. Haƙƙin marainiya ko na ɗalibi ba ya ƙara wa dukiya albarka, kuma ranar da za a tambaya tana nan tafe.

Dillalai, ku ne kuka haɗa, da bakinku aka ce za a mayar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kada aikinku ya ƙare ranar da la'ada ta shiga aljihu. Ku tsaya ranar fita kamar yadda kuka tsaya ranar shiga, ƙungiyoyinku kuma su hukunta duk wanda ya karɓi kuɗin ajiya ya danne bai kai wa mai gida ba. Malamai da limamai, ku sa wannan a huɗuba da wa'azi, ku kira shi da sunansa, cin amana. Masu unguwanni da dagatai, ku riƙa zama shaidu a yarjejeniyar haya ta unguwanninku. 'Yan jarida da masu shirye-shiryen rediyo, ku buɗe layi mutane su faɗi abin da ya same su, ku gayyato lauyoyi su yi bayani da Hausa.

'Yan majalisun jihohinmu, ku ma da ku muke. Muna neman doka mai sauƙi da kowa zai gane: a ƙayyade iyakar kuɗin ajiya, a wajabta rasit nasa daban, a wajabta zagayen gida a rubuce ranar shiga da ranar fita, a sa wa'adin mayarwa, a ɗora tara a kan wanda ya jinkirta ba dalili. Wannan bai bukatar kasafin biliyoyi, kuma zai kare mai gida na gari kamar yadda zai kare ɗan haya. Waɗanda suka zaɓe ku da yawansu a gidan haya suke kwana.

Jama'a, kada mu jira doka kafin mu motsa. Wanda ke cikin haya yau ba shi da rasit na kuɗin ajiya, ya je ya nema a wannan makon, tun ana ga-maciji. Wanda zai kama gida, kada ya ƙirga kuɗi sai an rubuta. Wanda aka riƙe wa kuɗi, ko bara ne ko bara waccan, ya binciko shaidar bankinsa ya rubuta takardar neman biya yau. Masu zama gida ɗaya ku haɗa kai, ku zama shaidun juna ranar shiga da ranar fita. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, wanda ya san hanyar kotu ya raka wanda bai sani ba, musamman mata da ɗalibai da baƙi. Kuɗin nan guminku ne. Ku nema da ladabi, ku nema da hujja, kuma kada ku fasa sai an biya.